Jakai Biyu a Kasafin Kuɗi

A shekarun da kuɗin man fetur suka yi ambaliya, ni ne mataimakin Ma'aji a ƙaramar hukumarmu, nan birnin Katsina, kuma ni ne mutumin da aka fi jin haushi a ofis. Ban ga laifin kowa ba. Aikina shi ne haɗa kasafin kuɗin shekara, wato takardar da ke faɗin abin da za a kashe da inda za a kashe shi. Duk wanda ya zo mani da buƙatar da ba ta ciki, amsa ɗaya gare ni: babu a kasafi. Na faɗe ta har ta zama sunana. Masinjoji in sun hango ni sai su taɓa juna, su ce ga Babu-a-kasafi nan tafe. Ina ji, ina yi kamar ban ji ba, amma haushi nake ji, don ni mutum ne mai zuciya kusa, har gobe.

Lokacin kau wani irin lokaci ne. An yi mana ƙarin albashi, aka haɗo da na baya aka ba mu a dunƙule. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya fara leƙen motoci, rediyo mai kaset kuwa kowane zaure ka wuce tana kuka. Ni ma ban tsira ba. Na sayo wa mai ɗakina keken ɗinki, na saya wa kaina wani ƙaton agogo wanda nauyinshi ya isa a jefi kare. Daɗi muka ji, wallahi, ba zan yi ƙarya ba. Mu da muka fara aiki a En'e, inda sai an yi rubutu uku kafin a sayi kwalbar tawada, sai ga shi ana tambayarmu me muke so a gina.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Kowa gini yake so, babu mai tambayar wa zai riƙe ginin baɗi da baɗin baɗaɗa. A gidanmu na cikin birni, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai mahaifina ya kira magini an yi yaɓe, an gyara indararo, ko da cefane zai ragu a watan. Da wannan na girma. Don haka na zauna na yi aikin da ba wanda ya sa ni. Na samu doguwar takarda na raba ta gida biyar, kowane gida shekara guda, na jera duk abin da majalisa ta ce za ta yi, na rubuta abin da kowanne zai riƙa ci bayan an buɗe shi an tafa an watse. Na kai wa Ma'aji, wani dattijo mai sanyin hali. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma ka shirya, dariya za su yi maka."

A cikin ayyukan shekarar har da wata sabuwar kasuwa da aka yanka wa fili a hanyar Batagarawa. Wurin fako ne, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Majalisa ta ce a dasa bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, a jere tun daga bakin titi har a zagaye kasuwar, ta yi duhu kamar GRA. Na je na tambayi malamin daji. Ya ce dashe ba wuya gare shi ba, damana ke yin rabin aikin. Wuyar tana rani. A irin wannan ƙasa sai an yi shekara biyar ana ban ruwa, ana kewayewa da ƙaya saboda awaki, ana maye waɗanda suka mutu, sannan a iya juya masu baya.

Ciyaman ɗinmu wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai fara'a, mai kyauta, ba ya son ƙaramin abu ko kaɗan. Ya ce a sayo tankar ruwa sabuwa fil. Ni kau a takardata na rubuta mutum ɗaya da jakai biyu da garewani, su riƙa ɗibar ruwa daga rijiyar da ke bayan filin. Ranar zaman majalisa aka ce in karanta. Ina zuwa kan jakan nan sai ɗakin ya ɗauka da dariya. Wani kansila har da buga tebur yana share hawaye.

Ciyaman ya ce, "Haba Malam. Ƙasa tana haƙo mai, mutane na zuwa Makka a jirgi, kai kana sa mana jaki a kasafi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, tanka tana son direba, tana son taya da batir da makanike, kuma kayan gyaranta sai an aika ƙasar waje. Jaki kara yake ci da dusa."

Aka sake fashewa. Shi ma ya yi dariya har rawaninshi ya karkace, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "To, a sayo tankar. Shi kuma a bar mashi jakanshi bana, kada ya yi mana yaji." Doguwar takardata kuwa ko buɗe ta ba a yi ba. Na naɗe ta na tura a jaka, na fita ina huci.

Da wannan hucin na wuce wurin Baba mai jakai. Tun ina saurayi shi ke kawo mana ƙasar yaɓe, kuma na san shi da abu biyu, ba ya latti, ba ya dukan dabba. Na same shi yana sauke mangala a ƙofar wani sabon gini. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi tsofaffi, ya tambayi aiki da gajiya, sannan na faɗa mashi abin da ya kawo ni. Ya sosa wuyan jakinshi.

Ya ce, "Malam, ka ga yanzu gari gini ake ko'ina. Magina huɗu nika kai ma ƙasa, har ina ƙin wasu. In na sake su wani zai kama, kuma ba su dawowa. Ɗiya bakwai gare ni. Aikin gwamnati kau yau akwai, gobe a ce an soke."

Na ce, "Shekara biyar ne, Baba. Na yi maka alkawari."

Ya dube ni ya ce, "Alkawarin gwamnati ko naka?"

Na ce, "Nawa."

Ya ce to shi ke nan, ya yarda. Sai da na hau babur na kama hanyar gida sannan abin ya faɗo mani. Shekara ɗaya tak majalisa ta amince, ita ma cikin raha. Kasafi kuwa duk shekara sabo ake yi, na bana ba ya ɗaure na baɗi. Na sa mai iyali ya saki abincinshi a kan abin da ba ni da iko da shi.

Da la'asar ina zaune a tsakar gida, an ajiye mani fura na kasa sha. Mai ɗakina tana kan kekenta tana ɗinki, ta tsaya ta ce, "Malam, yau kuma da wa aka yi?" Na kwashe duka na faɗa mata. Ba ta tausaya mani ba ko kaɗan. Ta ce, "Kai da ke hana mutane abin da babu a kasafi, ka je ka yi kyautar shekara huɗu da babu su." Na ce ba wannan na tambaye ta ba. Ta yi dariya, ta ci gaba da taka keke, can ta sake tsayawa.

Ta ce, "Itatuwan nan na wa ne?"

Na ce, "Na hukuma."

Ta ce, "To sun mutu. A gidanmu Inna kowace ɗiya sai ta ba ta 'yar akuyarta. Wannan ta wance ce, waccan ta wance. Ko tuwo muka samu sai mun rage masu, don kada a ce taki ta fi ta kowa rama. Guda ɗaya da ake ce wa ta gida, ita ce kullum haƙarƙari a waje. Ka ba kowane kansila nashi, ya dasa da hannunshi a gaban mutane."

Na ce wannan ai wasan yara ne. Ta ce to, ta mai da kai ga ɗinkinta. Washegari tun da safe na rubuta takardar gayyatar manya zuwa dashe, ban kuma gaya mata ba sai da ta ji a gari.

Ranar dashe an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, gari ya yi sanyi. Kai, ranar ta yi kyau. Ga manyan mutane cikin manyan riguna, kowa ya tattare hannun riga ya durƙusa, ana miƙa mashi ɗan bedi bai fi kamu biyu ba. Ciyaman ya dasa na farko, daidai bakin ƙofar kasuwa. Kansiloli suka biyo, sai Ma'aji, sai limamin unguwar, sai sarkin kasuwa, sai attajiran da suka kama rumfuna. Masu kallo suna ta shewa in wani ya ɓata gwiwar wando da laka. Ni kuwa ina ta kai da kawowa da takarda a hannu, ina faɗa da leburori a kan ramukan da ba su yi zurfi ba, ina faɗa da direban da ya taka mana igiya. Baba yana biye a hankali, ba takarda ba alƙalami, yana duban wanda ya dasa kowanne.

Da rani ya shigo tanka ta zo sau biyu ko uku, tana sheƙi, yara na bin ta. Daga nan sai buƙatu suka yi mata yawa. Yau tana wurin ginin makaranta, gobe asibiti, jibi wata unguwa da famfo ya ɗauke. Ban ce ba ta yi amfani ba, ta yi, amma bedin nan ba su sake ganin ta ba. Baba ne dai da jakanshi, safe da yamma, garewani huɗu huɗu suna ƙara. Ɗaya jakin fari ne mai hankali, ɗayan baƙi ne mai taurin kai, in ya ga dama sai ya tsaya tsakiyar hanya sai an lallashe shi. Abokan aikina suka ce wannan ni ne. Ban musa ba.

Abin da ban shirya ba, wanda ko mai ɗakina ba ta hango ba, shi ne abin da Baba ya ƙirƙiro da kanshi. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya sa wankakkiyar riga ya bi gidajen masu itatuwa yana gaisuwa. In an gama gaisawa sai ya ce, "Ranka shi daɗe, bedinka shina lahiya lau, ya yi sabon toho." Mai gida ya ji daɗi, ya ce madalla. Sai Baba ya tashi kamar zai tafi, ya ƙara da cewa, "Na Alhajin da ke kusa da kai dai ya ɗan ɗara shi tsawo, amma ba da yawa ba."

Wanda bai san Bakatsine ba zai ce wannan ba komai ba ne. Mu kau ka ce na wane ya fi namu, ko da ƙosai ne, ka tsokano magana. Kafin wata biyu sai ga motoci da yamma a hanyar Batagarawa, manya sun fito shan iska, kowa ya tsaya yana gwada itacenshi da sanda. Wani ya aiko da amalanken taki daga garkenshi. Wani ya ce ƙaya ba ta isa ba, ya sa aka kewaye nashi da waya. Wata rana wani kansila ya shigo ofishina ranshi a ɓace, ya rufe ƙofa, ya ce ƙara ya kawo. An gaya mashi Baba na zuba wa na maƙwabcinshi garwa guda cur, nashi kuwa rabi. Wannan shi ne mai buga tebur ranar da aka yi mani dariya. Na ce za a bincika, na raka shi har mota, na dawo na rufe ƙofa na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Shekara ta biyu da ta uku layin jakai ya wuce a kasafi ba wanda ya ɗaga kai. Har da aka yi canjin wasu kansiloli, wani sabo ya zo tun bai san kujerarshi ba yana tambaya ina nashi itacen. Baba ya ba shi ɗaya daga cikin waɗanda aka maye. Duk da haka kowace shekara in lokacin kasafi ya matso ba na samun natsuwa. In na gamu da Baba ba ya tambaya ta, sai dai ya gaishe ni ya wuce, kuma rashin tambayar ya fi damuna.

A shekara ta huɗu abin da nake tsoro ya zo. Takarda ta sauko daga sama cewa kuɗi sun ja baya, kowa ya tsuke bakin aljihu. Tanka tana bayan ofis an ɗora ta a kan duwatsu, ana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Majalisa ta zauna ana bin kasafi layi layi ana yankewa. Akwai wani sabon jami'i da aka turo mana, mai ilmi ne ƙwarai kuma ba mugu ba ne, sai dai bai san garin ba. Ya sa alƙalami a kan layina ya ce, "Wannan fa? Itatuwa ai sun kama. A soke."

Na ji jini ya hau mani kai. Na ga fuskar Baba, na ga ɗiyanshi bakwai, na ga maginan da suka daɗe da kama wani. Na yunƙura zan tashi, kuma na san abin da zai fito daga bakina ba mai daɗi ba ne. Ma'aji ya taka mani ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya danne da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Na koma na zauna.

Kowa na duban takardarshi. Can Ciyaman ya gyara murya ya ce, "Sun kama, in ji wa? Nawa bai kama ba. Bara raƙumin wani mai kawo kaya ya miƙo wuya ta saman ƙaya ya cinye mashi kai, yanzu ne yake farfaɗowa. Kuma shi ne a bakin ƙofa. So kake na kowa ya rayu, nawa ya bushe inda duk mai shiga kasuwa zai nuna ya ce ga na Ciyaman?"

Mai ƙarar rabin garwa ya ce nashi ma gara ta taɓa shi. Wani ya ce nashi da ma a kan tsakuwa aka ba shi, kuma ya daɗe yana son ya yi maganar. Kafin ka ce me, majalisar da ta zauna yankan kasafi ta koma gardamar itacen wa ya fi wahala. Jami'in nan ya dube ni, ya dubi Ma'aji, ya janye alƙalaminshi a hankali.

Ciyaman ya buga tebur ya ce layin ya zauna, kuma ba na bana kaɗai ba. A ware na shekara biyun da suka rage, bana da baɗi, a ajiye gefe, kada a sake tayar da maganar. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, wai ina doguwar takardar nan taka mai gida biyar?" Tana cikin jakata, shekara uku ina yawo da ita, gefenta har ya cinye. Na shimfiɗa ta a tebur, manya suka sunkuyo a kanta. Ranar aka fara sa kuɗin gyaran rufin makarantu da yashe kwalbatoci a kasafinmu. Na fito ban bi ta ofis ba, na wuce kasuwa na sayi tsire mai yawa da turmin atamfa. Mai ɗakina ta karɓa ta juya shi ta ce, "Wasan yara ya yi rana ke nan." Na ce ta dai ci tsire.

Ƙarshen rani na biyar, bayan ruwan farko, na hau babur na tafi in sallami Baba. Bedin nan sun wuce tsawon rumfuna, sun fara haɗa kai ta sama. Masu lemo da masu gyaran keke sun baje a gindinsu. Ban ji tsoron abin da Baba zai ci ba, don kasuwa ta cika, masu abinci da mahauta sun riga sun kama shi ya riƙa kawo masu ruwa, har ya ƙara jaki na uku. Na ce, "Baba, shekara biyar ta cika." Ya ce, "Ta cika, Malam. Allah shi saka da alheri. Zo ka ga wani abu."

Ya ja ni bayan kasuwa, wajen rijiya, inda ban cika zuwa ba. Ga wani bedi nan shi kaɗai, ba ya cikin jeri, ya fi duk sauran kauri da duhun ganye. Na tsaya ina dubanshi. Na san lissafin itatuwan nan kamar yadda na san ɗiyana, kuma wannan ba ya ciki. Halin nawa ya motsa, na ce, "Wannan kuma na wa ne? Ba ni da shi a takarda."

Baba ya ce, "Babu a kasafi, Malam." Ya yi 'yar dariya. "Ranar dashe na ga kowa ya durƙusa ya dasa, kai kana ta faɗa da mutane har aka watse. Na tsinci guda da mota ta taka aka yar, na kawo shi nan. Ban taɓa ba shi ruwan hukuma ba. Ruwan alwalata ne, sau biyar a yini, shekara biyar. Naka ne."

Na cire hula na zauna a gindin itacen, hawaye na zuba, baƙin jakin nan yana tsaye yana kallona. Baba ya juya baya yana gyaran akumari, ya ba ni lokaci har na gama.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah shi jiƙan shi. Ciyaman ma haka, da Ma'aji. Mutanen kasuwa sun manta wane itace ne na wa, sai guda ɗaya. In ka je ka tambayi inda rijiya take, za a ce ka bi ta bayan rumfunan mahauta, tana nan gindin bedin Babu-a-kasafi. Nakan je in zauna can da hantsi, kuma in an kira sunan, amsawa nake yi.